Soseji Biyu a Tukunyar Willy

"Ba haka ba! Tsaga shi gida biyu tukuna, ƙasar tana can ciki."

Willy Freymond ya ɗago karan poro daga cikin ruwa ya dube shi kamar yau ya fara ganin irinsa. Shekara arba'in da 'yan kai yana cin wannan doguwar albasa mai faffaɗan lawashi, bai taɓa sanin tana ɓoye yashi a hammata ba. Ya sa wuƙa ya tsaga, sai ga ƙasa baƙa ƙirin kwance tsakanin ganyen. Matarsa Marlyse ta yi gaskiya, shi kuwa Willy ba ya son a yi gaskiya a kansa da sassafe.

Marlyse tana zaune kusa da murhu, hannunta na dama cikin filasta, rataye a wuya. Santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta a bakin coci ta karye a wuyan hannu. Tun daga ranar kicin ya koma hannun Willy, amma hannun kawai, umarni yana nan inda yake. Ga shi yau ashirin da huɗu ga Janairu, ranar da kakannin mutanen jiharsu ta Vaud suka sallami gwamnonin Bern suka sami 'yancin kai, kuma a ƙauyensu ko maras lafiya sai ya ci papet a wannan rana. Papet kuwa poro ne da dankali, a dafa su har su narke su zama abu ɗaya, a ɗora sosejin kabeji a kai. Tutar jihar mai fari da kore tana ta kaɗawa a ofishin magajin gari tun da safe.

"In ka gama fere dankalin ka zuba masa ruwa, ka tafi garin Orbe," in ji ta. "Tun kafin in karye na gaya wa Rémy mahauci ya ajiye mana soseji biyu."

"Ga mahauci nan a bakin titi, taku kaɗan."

"Na san yana nan."

"Ga babban kanti a hanya, har da wurin ajiye mota kyauta."

"Willy, papet za mu ci ko kuwa sosejin kanti mai kama da katifa? Je ka Orbe."

Ya yi tsaki can ƙasa-ƙasa yadda ba za ta ji ba, ta kuwa ji.

Abin da ke cin ran Willy tsoho ne, ya girmi 'yarsu, ya girmi rufin gidan. Kafin ya auri Marlyse, Rémy Bovay ne yake rawa da ita a duk wani bikin samarin ƙauye, damina biyu cur, har mutane sun fara haɗa sunayensu a baki ɗaya. Daga baya abin ya watse, ba wanda ya san dalili, Willy makanikin tarakta ya shigo da baƙin mai a farce, ta ce ta yarda. An yi aure, an haihu, an aurar. Amma duk shekara, da zarar sanyi ya kama aka fara sosejin kabeji, sai Marlyse ta ɗauki jakarta ta hau bas, ta wuce mahaucin ƙauyensu, ta wuce na ƙauyen gaba, ta sauka a Orbe, a shagon Rémy. Ta dawo da ƙunshi a takarda tana 'yar waƙa a hanci. Ita wannan waƙar ta fi komai ƙona masa rai, domin ba ta yinta in ta dawo daga wurin mai burodi.

Bai taɓa tambaya ba. Me zai tambaya? A ce namiji da furfurarsa yana kishin soseji? Da matar Rémy tana raye abin ya ɗan kwanta, kamar ciwon haƙori da aka saba da shi. Da ta rasu shekarun baya sai ciwon ya tashi sabo fil. A zauna cin abinci, Marlyse ta lumshe ido ta ce, "Kai, hannun Rémy daban ne," shi kuwa ya ji kamar ya ture farantin. Abin haushin, sosejin akwai daɗi, kuma ƙari yake yi.

Ya tuƙa motar zuwa Orbe fuska a murtuke, iskar arewa tana kaɗa dusar ƙanƙara a kan gonakin da aka girbe. A ransa yana shirya yadda zai shiga: gaisuwa gajera, ba murmushi, ya karɓi ƙunshi ya fito. In Rémy ya ce "Ya Marlyse?" sai ya ce "Madam Freymond tana lafiya," ya danna kalmar madam ɗin da kyau.

Shagon cike yake maƙil, layi har bakin ƙofa, tagogi sun yi gumi. Soseji a rataye jere-jere bisa sanda, kowanne a lanƙwashe kamar kofaton doki, da ɗan koren tambarinsa yana reto a zare. Ƙamshin hayaƙi ya daki Willy tun daga ƙofa, cikinsa ya yi ƙugi, ya ji haushin cikin nasa.

"Kai! Wa nake gani haka?" Dédé ne, tsohon ɗan ajinsu, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya amma bakinsa bai yi ritaya ba. "Willy Freymond a shagon Bovay! Jama'a ku duba waje, ko rana ta fito daga yamma."

"Rufe mana baki, aike ne."

"Ai na sani aike ne. Da ƙafarka ina za ka zo? An karya wa uwargida hannu, an ɗaura maka zanen girki. Ka dai iya kunna murhu ko?"

"Injin da na kwance na ɗaura ya fi gashin kanka yawa."

"Wannan ba yabo ba ne, dubi kan nawa," in ji Dédé, ya ɗaga hula ya nuna sanƙo. Matan da ke layi suka kwashe da dariya.

Willy ya leƙa bayan kanta. Ba Rémy. 'Yarsa Corinne ce kaɗai take yanka tana aunawa tana naɗewa, idanunta sun faɗa kamar wadda ba ta samu barci ba. Da layi ya zo kansa ta ɗago, ta goge hannu a farin zanenta.

"Baba Freymond, sannu da zuwa. Ya hannun Madam?"

"Da sauƙi. Ta ce an ajiye mata biyu."

"Suna nan." Ta sunkuya ta ɗauko ƙunshi daga ƙarƙashin kanta, ba daga sandar kowa da kowa ba, Willy kuwa ya lura da wannan. Ta rage murya. "Ba ku ji ba ko? Babana ya yanke jiki ya faɗi makon jiya a ɗakin haɗi. Zuciya ce. Yana asibiti a Yverdon."

Abin da ya fara zuwa ran Willy ba abin faɗa ba ne. Wani ɗan sanyi ne, kamar an sauke masa kaya daga kafaɗa. Nan take kunya ta biyo baya ta rufe shi har kunnuwa, ya ce, "Ash! Sannu, 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Likitoci me suka ce?"

"Sun ce a jira a gani. Sai jiya ya buɗe ido sosai. Ka san abin da ya fara tambayata? Wai an ajiye wa Marlyse nata?" Ta yi dariya, hawaye ya biyo dariyar, ta share da bayan hannu. "Mutum yana kwance da robobi a hanci, soseji yake tunani."

Kunyar Willy ta ƙafe ƙaf. Mutum ya leƙa lahira ya dawo, bai tambayi jikokinsa ba, bai tambayi shagonsa ba, sai matar wani. Kuma ba Madam Freymond ya ce ba. Marlyse ya ce.

"To wa ya yi waɗannan?" ya tambaya, yana nuna sandar.

"Ni mana. Da ma'auninsa na yi, naman aladen nan da kabejin da kayan yaji, ban kauce ko kaɗan ba. Itacen hayaƙin ma nasa ne. Duk garin nan ba wanda ya gane."

"Wallahi kuwa," Dédé ya sako baki daga baya. "Shekaranjiya na ci, kamar tsohon ne ya yi da kansa."

"Don Allah ka gaya wa Madam," in ji Corinne tana miƙa masa ƙunshin. "Ana barin masu dubiya har yamma. In ta leƙa shi zai ji daɗi, ba shi da tsofaffin abokai da yawa."

Willy ya ce zai faɗa. Ya fito, ya zauna a mota bai tayar ba, ƙunshin yana kujerar gefe, inda Marlyse take zama.

A nan dabarar ta zo masa, kuma dabara ce irin ta makanikai. In inji yana wani kuka ba ka san daga ina ba, ba zama za ka yi kana zullumi ba. Sai ka cire ƙarfe ɗaya ka sa wani a madadinsa, ka tayar, ka saurara. Shekara arba'in yana jin kukan nan a gidansa bai taɓa buɗe injin ba. To yau zai buɗe. Zai sa mata sosejin shagon Bovay a gefe ɗaya na faranti, na babban kanti a ɗaya gefen. In ta bambance su, shi ke nan, soseji take bi, ya yi shekarunsa yana ƙona ransa a banza. In kuwa ta cinye duka biyun tana lumshe ido tana yabon hannun Rémy, to ba don soseji take hawa bas ba.

Maganar asibiti kuwa, zai faɗa mata. Ba ɓoyewa zai yi ba, shi ba mugu ba ne. Amma sai bayan an ci abinci. Mutumin da ya kwana bakwai a gado zai iya jiran a share faranti.

Ya tsaya a babban kantin da ke bakin hanya, ya zaɓi soseji ɗaya a cikin leda, mai girma daidai da na Rémy, shi ma da koren tambarinsa. Yana biya yana waige-waige kamar mai sayen abin kunya. Da ya isa gida ya shiga gareji tukuna. Ya yage ledar ya cusa a ƙasan kwandon shara, ya zare ɗaya daga na Rémy ya ɓoye a akwatin sufanu, ya sa na kanti a gurbinsa. Ya datse tambarin duka biyun da filaya, sannan ya ƙara ƙulli ɗaya a zaren na kantin don kada shi kansa ya rikice.

"Ka daɗe," in ji Marlyse da ya shigo kicin.

"Layi har titi. Ga Dédé da surutu."

"Ya yake?"

"Dédé? Sanƙonsa ya ƙaru."

"Rémy nake tambaya."

Willy ya juya baya yana rataye rigar sanyi, ya daɗe yana neman ƙugiyar. "Ban gan shi ba. Corinne ce a kanta."

"Yana can baya ke nan. Ranar irin ta yau ba ya samun zama." Ta miƙa hannun hagu za ta buɗe ƙunshin, ya riga ta ɗauka.

"Ke da aka ce ki huta. Faɗa mini kawai, ni zan yi."

Ta faɗa, ya yi. Man shanu a ƙasan tukunya, albasa ta yi laushi ba tare da ta soyu ba. Poron ya shiga, tuli guda har yana neman zubowa, Willy ya ce ya yi yawa, ta ce ya jira ya gani. Kafin ya juya sau uku tulin ya zube ya koma rabi. Ya tsiyaya farar giyar inabi, tururi ya tashi ya rufe masa tabarau.

"Na ce kofi ɗaya, ba rabin kwalba ba."

"Ɗaya na zuba."

"To ina sauran?"

"Mai girki ba zai ɗanɗana ba?"

Romo ya shiga, dankali ya hau kai, aka rufe. Da ya kawo maganar kirim, don a gidansu uwarsa takan zuba, Marlyse ta dube shi kamar ya ce a zuba sukari. A gidan Freymond na yanzu ba a sa wa papet kirim, ɗigon ruwan tsami ne a ƙarshe, kuma an gama wannan shari'ar tun shekarar aurensu. Ana cikin haka waya ta yi ƙara a falo, 'yarsu ce daga Lausanne, kuma Willy ya san in waɗannan biyun suka haɗu a waya sai dai abinci ya kira su.

Ya ɗora tukunya ta biyu da ruwa, ya kwance ƙunshin ya saki sosejin biyu a ciki. Suka nutse suka taso, suka kwanta gefe da gefe, ba ka ce ga na wane ba sai ka dubi zare. Ya tsaya a kansu da cokali mai yatsu a hannu. Na Rémy ya fara kumbura, fatarsa ta miƙe tana sheƙi, ya cika ya batse, irin cikar mai shi lokacin da yake saurayi yana juya Marlyse a filin rawa. Willy ya kai bakin cokalin har ya taɓa fatar. Huda ɗaya kawai, duk romon da kitsen su tsiyaye cikin ruwa, a bar ɓawo da dusa.

"Willy!" muryarta ta taso daga falo. "Kada ka huda su! Kuma kada ruwan ya tafasa, rawar ɗari kawai zai riƙa yi!"

Ya janye hannu kamar an kama shi yana sata. Ko ba don ita ba, in ya lalata ɗaya gwajin ya tashi a banza. Ya rage wuta, ya ja kujera ya zauna yana gadin sosejin kishiyarsa kamar mai jinya, yana ɗaga murfin ɗayar tukunyar lokaci-lokaci. Dankalin ya fara farfashewa. Ya murƙushe shi da cokali yadda ta ce, ba a mai da shi kunu ba, a bar masa 'yan gudaji. Fari da kore suka haɗu, ya ɗiga ruwan tsami, ya barbaɗa gishiri da masoro, ya ɗanɗana. Ya yi daɗi, har ya ji haushin ba wanda ya gan shi.

A ƙa'ida a tebur ake tsaga soseji, kowa yana kallo, a bar romon ya gangara cikin papet. Willy ya yi nasa a kicin, ƙofa a saye. Ya tsaga mai ƙulli biyu ya kwashe cikinsa ya tara a hagun farantinta, ya tsaga na Rémy ya tara a dama, papet a tsakiya kamar katanga. Fatun ya jefa a shara.

"Yau kuma sabon salo?" in ji Marlyse da ya ajiye mata. "Tun yaushe ake fede soseji a ɓoye?"

"Da wane hannun za ki tsaga? Taimakonki na yi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗauki cokali da hagu. Ta fara da papet ɗin zalla, ta tauna, ta gyaɗa kai.

"Ba laifi. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma ba laifi."

A bakin Marlyse wannan lambar yabo ce, amma Willy bai ko ji ba. Idonsa na kan cokalin. Ya ga ya nufi hagu, ya ɗebo, ya tafi baki a karkace irin na wanda bai saba da hannun ba. Tsoho da shi, da jikoki, yana zaune yana jiran hukunci daga loma ɗaya.

Ta tauna sau biyu ta tsaya. Ta yamutsa fuska.

"Wannan kuma daga ina?"

"Me ya faru?"

"Wannan na leda ne. Na kanti. Ruwa-ruwa, ga gishiri kamar an kifar da buhu, kabejin ma ban san ko ya taɓa ganin gona ba." Ta ture tarin gefe da bayan cokali. "Willy Freymond, me kake ƙullawa? Ka ɓatar da kuɗin ne ko ka ɓatar da hanyar Orbe?"

Daɗi ya kama Willy tun daga tafin ƙafa. Ta gane! Loma ɗaya ta gane! Ashe soseji ne, soseji ne kawai tun farko, bas ɗin da jakar da 'yar waƙar duk na soseji ne. Ya ji kamar ya tashi ya buɗe taga ya gaya wa ƙauyen. Dariya ta kuɓuce masa, ya tsiyaya mata giya ya tsiyaya wa kansa har tana zuba a kan tebur.

"Wasa nake miki, tsohuwa. Na ce bari in ga ko harshen nan yana nan ko shi ma ya karye. Ci na daman, shi ne naki."

"Wasa! Da girmanka." Amma bakinta ya ɗan motsa, alamar murmushi. Ta kurɓi ruwa ta wanke baki, ta ɗebo daga dama.

Willy ya jingina da kujera yana jiran lumshe idon da yabon da ya saba ji, yau kam a shirye yake ya taya ta. Ta sa a baki. Ta tauna a hankali. Idon bai lumshe ba. Ta sake ɗebo kaɗan, ta kai hanci, ta sa a kan harshe ta riƙe, tana kallon bango. Sannan ta ajiye cokalin a gefen faranti ba tare da ya yi ƙara ba.

"Wannan daga shagonsa yake," ta ce. "Hayaƙinsa ne. Amma ba shi ya yi ba."

"Haba dai. Ma'auni ɗaya ne, duk Orbe..." Ya datse maganar, amma ta riga ta fita.

"Ma'auni." Ta girgiza kai. "Rémy ba ya tsayawa a ma'auni. In ya gama aunawa sai ya sa hannu ya matsa kabejin ya ji, ya ƙara abin da zai ƙara da yatsu. Kullum yakan bar ɗan tsami can a ƙarshe, sai ka haɗiye kake jinsa. Babu shi a nan." Ta juyo ta dube shi, jinin fuskarta ya janye har leɓɓa. "Tun yana saurayi bai taɓa barin wani ya yi masa haɗin Janairu ba, ko ranar da aka binne matarsa shi ya yi. Me ya same shi?"

Willy ya dubi fuskar nan. Ya san ta a fushi, ya san ta a gajiye, ya san ta ranar da aka kira su aka ce 'yarsu ta yi hatsari da keke. Irin ta ranar ce yake gani yanzu, a kan teburinsa, saboda wani mutum. Daɗin da ya cika shi ɗazu ya tsiyaye tas. Ya tsara gwajinsa da amsa biyu, ga ta ta ba shi ta uku, wadda ta fi duka ciwo. Garin Orbe kaf ya ci bai gane ba, har 'yar Rémy ta cikinsa tana alfahari da haka. Matarsa kuwa ta san hannun Rémy a kan harshenta, har ta san ranar da babu shi.

"Zuciya ce," ya ce. "Makon jiya ya faɗi. Yana asibiti a Yverdon. Ya farfaɗo, jiya ya buɗe ido."

"Ka sani tun safe."

"Da na ce in mun gama ci..."

"Ka sani, ka tsaya kana mini wasan yara da faranti."

Ta miƙe, kujerar ta yi baya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta fita zaure, ya ji tana kokawa da ƙugiyar rigar sanyi. Ya bi ta. Ta sa hannun hagu a hannun rigar, ɗaya ɓarin yana ta zamewa daga kafaɗar mai filasta, tana kamowa yana zamewa.

"Babu bas yanzu sai yamma," ya ce.

"Zan jira a tasha."

"A wannan iskar?"

Ya tsaya yana kallon bayanta, gashin nan da ya yi fari a gidansa, sai tambayar da ya haɗiye shekara arba'in ta fito da kanta, ba ado ba dabara.

"Marlyse. Duk zuwan nan da kike yi Orbe. Soseji kike zuwa saye?"

Ta tsaya cak, rigar a rataye a kafaɗa ɗaya. Ta juyo. Ya yi zaton za ta yi masa dariya ko ta balbale shi da faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube shi ta daɗe, kamar mai auna abin da zai iya ɗauka.

"Soseji nake sayowa, Willy," ta ce. "A nan kuma nake dafa shi."

Ya jira ƙari, babu. Ya juya maganar a ransa ta kowane gefe, bai samu inda zai kama ya ce ƙarya ce ba, bai kuma samu inda zai kwantar da kai ba. Kishin yana nan daram a ƙirjinsa, ya ma fi na safe nauyi, kuma ya gane da shi zai mutu.

Rigar ta sake zamewa. Ya tare ta kafin ta kai ƙasa, ya ɗora mata a kafaɗa, ya zagayo da ita a hankali ta saman filastar. Ya sunkuya yana ɓalla mata maɓallan ɗaya bayan ɗaya da manyan yatsunsa, ya kuskure rami, ya kwance ya sake. Yana shirya matarsa da hannunsa za ta je wurin Rémy Bovay. Da ya kai na wuya ya gyara mata kwala, ya miƙa hannu ya zaro makullin mota daga ƙusa.

"An ce ana barin masu dubiya har yamma," ya ce, bai dube ta ba. "In mun tafi yanzu za mu samu."

Ta buɗe ƙofa, iska ta shigo da sanyinta. A bakin matakala ta ɗan tsaya ya kama mata gwiwar hannu saboda santsi.

"In mun je kana iya jirana a mota," ta ce. "Ba zan daɗe ba."

"A mota?" in ji Willy, ya ƙara riƙe hannun da kyau. "Ina! Ƙafata ƙafarki."